Yankan Bahaguwa

Tun ƙarfe takwas na safe aka shimfiɗa tabarma a tsakar gidan marigayi Malam Jibrin da ke gindin Dala, aka jibge rama ɗauri shida a kai, ga kabeji ga albasa cikin kwando. Juma'a ce, kuma a gidan nan Juma'a ba ta wucewa ba a yi dambun sadaka ba. Shekara tara da rasuwar Malam, matarsa Hajiya 'Yardada ba ta taɓa fashi ba. Ana saukowa daga masallaci za a fitar da dambun zaure a manyan farantai, maƙwabta da 'yan dako da duk mai wucewa su ci su yi wa mamacin addu'a.

Yankan ganyen aikin Luba ne, babbar 'yar Hajiya, wadda take aure a Ƙofar Mazugal amma kullum ƙafarta tana gidan. Ran nan ta bugo waya ta ce za ta makara. Hajiya ta dubi rana ta dubi ramar, sai ta ƙwala wa amarya kira.

Sa'ida ta fito daga ɗakinta ta durƙusa. Watanta huɗu a gidan, matar Abdulhakeem ce, autan Hajiya. Yarinya ce mai sanyin magana, kuma a wata huɗun nan Hajiya ba ta taɓa ɗaga murfin kwanon da ta kawo mata ta ce gishiri ya yi yawa ba. Abu ɗaya ne Hajiya ba ta sani ba: Sa'ida bahaguwa ce. Da dama take ci, da dama take sha, da dama take miƙa abu ta karɓa, duk an koya mata wannan da bayan ludayi tun tana ƙarama. Alƙalami da wuƙa ne kawai suka ƙi barin hagunta. A ɗan kicin ɗinta na bayan ɗaki take yanke-yankenta, babu mai gani.

Ta zauna ta ja ramar gabanta, ta ɗauki wuƙa yadda ta saba ɗauka. Kafin Hajiya ta gama wanke tsaki, ɗauri uku sun zama tsibi a faranti, yanka siriri kamar zare. Hajiya ta matso tana shirin yabawa, har ta buɗe baki. Sai idonta ya sauka a kan wuƙar.

"Ke, da wane hannu kike yanka min abincin sadaka?"

Sa'ida ta dubi hannunta. Ta ce a hankali, "Hajiya, haka na tashi. Da hagu nake riƙe wuƙa."

Hajiya ta saka salati tana tafa hannu. Wato wata huɗu abincin hagu take ci? Wato hannun da ake tsarki da shi, shi aka sa mata a miya, yau kuma za a sa a sadakar Malam? Nan take ta kinkimi farantin ta kai wa awaki a bayan gida ta juye musu. Ana cikin haka Luba ta yi sallama, kuma Luba irin matan nan ce da in suka tarar da wuta ba ruwa suke nema ba. Ta ce ita dama tun ranar kai amarya ta ga take-taken yarinyar, ta ce iyayen Sa'ida, mutanen Ƙofar Kabuga, sun ɓoye musu aibi sun aurar, ta ce irin wannan ai ko albarkar gida korewa suke.

Hajiya ta nuna Sa'ida da yatsa.

"Wallahi tallahi na daina cin duk abin da kika yanka da wannan hannun. Ki gyara kafin Juma'a mai zuwa, in ba haka ba ki koma gidanku a ƙarasa miki tarbiyya."

Sa'ida ta ajiye wuƙar. Ta tashi ta shige ɗaki, ta toshe bakinta da filo ta yi kukan da ba ta taɓa yi ba tun da aka kawo ta.

Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne Abdulhakeem ya san komai tun ranar farko. Gyaran waya yake yi a wani ɗan shago, kuma nan suka haɗu: ta kai masa wayarta, ya ba ta takarda ta rubuta lamba, ta rubuta da hagu. Shi da bakinsa ya ce mata wannan rubutun ne ya hana shi sukuni. Shekara biyu yana kiranta da 'yar baibai ɗinsa, yana ɗaukar hoton hannunta in ta sha lalle. To ga ranar da hannun yake buƙatar mai tsaya masa ta zo. Da ya dawo daga masallaci ya ji labari, sai gogan naku ya sosa ƙeya ya ce ta yi haƙuri, ta san halin tsofaffi, zai wuce. Bai taka ɗakin mahaifiyarsa ya ce mata ko kalma ɗaya ba. Da yamma Sa'ida ta kai wa Hajiya tuwo kamar kullum, aka dawo mata da kwanon ko murfi ba a ɗaga ba.

Asabar aka dawo da kwano, Lahadi aka dawo da kwano. Sa'ida ta ce a ranta tunda dama ake so, bari ta gwada dama. Ta zauna a kicin tana fama, wuƙar tana zille mata kamar ba ta taɓa riƙe wuƙa ba, albasa tana fitowa gunduwa-gunduwa. Ranar Litinin wuƙar ta zame daga bayan albasa ta shige gindin babban yatsanta na hagu. Jini ya wanke faranti. Sai da mai kemis na bakin titi ya yi mata ɗinki uku ya naɗe hannun da bandeji.

Abdulhakeem ya ga bandejin hankalinsa ya tashi, don yana sonta, wannan babu ƙarya a ciki. Matsalarsa ɗaya ce: mutum ne da ya yarda cewa duk abin da ya lalace a duniya akwai na'urar gyara shi. Ya zauna bakin gado ya shiga latsa waya, can sai fuskarsa ta washe.

"Shi ke nan, na samo solution. Injin yanka kayan miya zan saya miki. Babu hagu babu dama, inji ne zai yanka. Hajiya ba ta da ta cewa."

Sa'ida ta dube shi kallon da ya kamata a ce ya gane, bai gane ba.

Ranar Talata suka hau adaidaita zuwa kasuwa. Shagon kayan kicin ne babba, tukwane har rufi. Mai shagon ya jere musu injin yanka kala huɗu a kan kanta. Akwai na dannawa mai ramuka kamar raga, wanda yake fitar da karas da dankali 'yan ƙanana daidai wa daida. Akwai na juyawa da hannu. Akwai ɗan ƙaramin roba mai murfi, wanda ake jan igiyarsa wuƙaƙen ciki su juya. Sai kuma babban, na lantarki, baƙi wuluk yana sheƙi, da wuƙaƙe kala takwas a kwalinsa. Mai shago ya shafa shi ya ce wannan shi ne food processor na gaske, irin wanda matan manya suke saya.

Tunda an riga an kawo ta, Sa'ida ta tsaya ta duba da idon mai girki. Ta ce na dannawar ba zai yi ganye ba, rama za ta maƙale a ramukan. Ta juya na hannun ta ji yana cijewa, ta ajiye. Ta buɗe mai igiyar ta taɓa wuƙaƙensa, ta tambaya ko suna tsatsa, ta ga ana zare su a wanke cikin sauƙi. Ta ce wannan zai yi albasa da attaruhu, kuma mutum ne yake iko da shi, in ya ja sau uku ya buɗe ya duba, in ya yi ya tsaya. Da aka zo kan babban ta yi wa mai shago tambaya ɗaya: yanka rama yake yi ko markaɗa ta? Mai shago ya ce komai yana yi. Ta ce a jona a gwada, ya ce in an ɓare kwali an saya ke nan.

Abdulhakeem kuwa tun da ya ɗora ido a kan baƙin injin bai sake kallon sauran ba. Ya shiga karanta ƙarfinsa a jikin kwali yana gyaɗa kai. Ya ce in ya shiga gida da wannan ɗan robar mai igiya Yaya Luba dariya za ta yi masa, ta ce kayan wasan yara ya sayo. Sa'ida ta tuna masa cewa sau biyu aka kawo wuta a unguwarsu a satin nan, kuma ko shayi ba a gama dafawa ba aka ɗauke. Ya ce akwai janareton maƙwabta. Ta ce ganye ba ya son ƙarfi. Ya ce ita me ta sani a harkar inji?

Nan haƙurinta ya ƙare. Ta matso kusa da shi, ta rage murya don kada mai shago ya ji, amma idonta ya kaɗa ya yi ja.

"Ya Hakeem, ni ba inji nake nema ba, bakinka nake nema. Kwana huɗu ana dawo min da kwano. An ce iyayena sun ɓoye aibi, kai kuma ka san ba su ɓoye ba, don kai ka fara gani. Ka je ka durƙusa gaban Hajiya ka ce ka sani, ka ce ka gani kana so. Shi ke nan abin da nake roƙo."

"So kike in yi jayayya da mahaifiyata?"

"Na ce ka yi jayayya? Cewa na yi ka faɗi gaskiya."

Ya yi kicin-kicin da fuska ya ce wa mai shago a ɗaure masa babban. A adaidaita kwalin ya zauna tsakaninsu har suka iso Dala.

Juma'a ta zo, kuma kamar yadda kowa ya sani ban da Abdulhakeem, babu wuta. Ya je ya aro janareto aka girke a soro, ya ja wayar wuta har tsakar gida. Ƙara ta cika unguwa, hayaƙi ya cika zaure, matan maƙwabta suka shigo kallo. Hajiya tana zaune a kujera 'yar tsuguno fuska a murtuke. Ta ce ita ba ta taɓa jin inda inji ya yi dambu ba, amma tunda ba hagu ba ne, a yi ta gani.

Da yake hannun Sa'ida yana naɗe, shi ya tsaya a kan injin, yana wani tattare hannun riga. Ta raɗa masa cewa ya sa kaɗan-kaɗan, ya danna ya saki, ya danna ya saki. Ina, idon mata yana kansa. Ya cusa rama har baki, ya haɗa da albasa da kabeji, ya murɗa maɓallin zuwa ƙarshe ya bar shi yana kuka. Da ya buɗe murfi, abin da ke ciki ya fi kama da miyar kuka. Maimakon ya tsaya, sai ya ce wuƙar ce ba daidai ba, ya canja wata ya sake cusawa. Haka ya bi ɗauri shida ɗaya bayan ɗaya har ya gama da su.

Lokaci ya ƙure, babu damar komawa kasuwa. Luba ta matse abin a tsumma ta zuba a tsaki, aka ɗora madambaci. Abin da aka sauke wani kore ne caɓe-caɓe, ba dambu ba, ba tuwo ba, ga ɗaci. Aka sauko daga masallaci, mutane suka taru a zaure yadda suka saba, aka aika a ce musu yau babu.

Hajiya ta fashe da kuka, kukan gaske, don ba ganyen take yi wa ba. Shekara tara ba ta taɓa barin Malam ya kwana Juma'a babu addu'ar mutane ba, sai yau. Luba ta ce ai ga irinta nan, mace ta ƙi koyon yanka ta tasa miji gaba ya sayo mata shirme, ta mayar da shi ɗan aikin kicin gaban matan unguwa. Kowa a tsakar gidan ya ga wanda ya murɗa maɓallin. Shi kansa ya san wadda ta ce kada a saya. Ya tsaya da koren ruwa har gwiwar hannu, ya sunkuyar da kai, bakinsa ya mutu.

Hajiya ta share hawaye ta dubi Sa'ida ta ce, "Ɗauki mayafinki."

Sa'ida ta dubi mijinta sau ɗaya. Da ta ga ba zai ɗago ba, sai ta durƙusa ta ce Hajiya ta yi haƙuri, Allah ya huci zuciyarta. Ta ja madambacin bakin rijiya ta wanke shi tas da hannu ɗaya, ta kife, sannan ta ɗauki mayafi ta fita. Zuciyarta tafasa take kamar ta ƙone, amma ba ta bari ko kalma ɗaya mai zafi ta fito ba.

A Ƙofar Kabuga mahaifinta ya ga bandejin ya ji labari, ya tashi zai je Dala a yi wacce za a yi. Sa'ida ta riƙe ƙafarsa tana roƙo. Ta ce Hajiya ba muguwa ba ce, abin da ta tashi ta tarar ne ta riƙe, kuma wata huɗu ba ta taɓa yi mata ko hararar banza ba. Ta ce in akwai wanda take fushi da shi, to wanda ya sani ya yi shiru ne. Ummanta ta ce ta ci gaba da haƙuri, Sa'ida ta ce tana yi, amma haƙurin yana da ciwo.

Abdulhakeem ya yi ta bugo waya ba ta ɗauka. Ya turo saƙo ya fi ashirin, duk sorry ne da please. Ranar Laraba ya zo da kansa, ya rame, riƙe da baƙar leda. A zaure ta same shi. Ya buɗe ledar, sai ga ɗan robar nan mai igiya. Ya ce ya koma shagon ya sayo wanda ta zaɓa, ya yarda ita ce da gaskiya, babban bai dace da gidansu ba.

Ta karɓa ta juya shi a hannu. Ta ce, "Yana da kyau. To da wane hannu zan ja igiyar?"

Ya dubi igiyar, ya dubi hannunta.

"In na ja da hagu, Hajiya ta gani, sai ka koma kasuwa ka sayo me? Ka tafi da abinka, Ya Hakeem. Har yanzu kana neman abin da zai yi magana a madadinka."

Ta miƙa masa ta shige gida. Ya daɗe a zauren da leda a cinya, kuma a ranar ne kunya ta fara kama shi da gaske.

Juma'a ta sake zagayowa. Luba tana can gidan suna a dangin mijinta, ba za ta zo ba. Hajiya ta zauna ita kaɗai gaban ɗauri shida, ga yatsunta da sanyin ƙashi ya fara lanƙwasawa. Abdulhakeem bai buɗe shago ba. Ya fito ya zauna a tabarmar ya ja wuƙa. Hajiya ta daka masa tsawa, ta ce ya tashi kafin wani ya shigo ya gan shi, namiji da gemu yana yankan rama. Ya ce sadakar ubansa ce, kuma shi ya ɓata ta wancan satin, ba kowa ba. Wannan ce gaskiyar farko da ya faɗa a gidan cikin sati biyu, kuma sai ya ji ba ta kashe shi ba.

Ya kama ganyen yana datsawa kamar mai saran itace. Hajiya ta kalla ta kalla, ta kasa jurewa. Ta fizge wuƙar ta ce ya matsa ya ga yadda ake yi. Ta tattaro rama ta dunƙule ta tam a tafin hannu, ta matse, ta shiga yankawa siriri, ruwan ganyen yana bin yatsunta yana gangarowa har wuyan hannu.

Abdulhakeem ya ƙura wa hannayen mahaifiyarsa ido. Bai taɓa tsayawa ya kalli mace tana yanka ba sai yau. Ya gyara zama ya durƙusa sosai.

"Hajiya, don Allah in tambaye ki, kada ki yi fushi. Wane hannu ne ya riƙe ganyen?"

Ta ce wace irin tambayar banza ce wannan. Sai ta duba. Wuƙa ce a damanta. Ramar kuwa, wadda za a ci, wadda za a kai zaure da sunan Malam, tana dunƙule cikin hagunta, ta jiƙe shi sharkaf.

"Sa'ida da hagu take riƙe ƙarfen, Hajiya. Abincin a damanta yake. Kuma ba a ɓoye mana komai ba. Na sani tun ranar da na fara ganinta, na gani ina so. Ita ta ce kada in sayi injin nan, na ƙi ji. Tsoron ɓacin ranki ne ya sa na yi shiru aka kore ta a kan laifina."

Hajiya ta wurgar da wuƙar a faranti. Ta ce wato yanzu ita zai koya wa tsarki, ita da ta haife shi? Ta ce matarsa ce ta kitsa masa. Ta tashi ta shige ɗaki ta banko ƙofa. Bai bi ta ba, bai kuma janye maganarsa ba. Ya ɗauki wuƙa ya ci gaba da datsa. Can bayan kamar rabin awa ƙofar ta buɗe. Hajiya ta dawo ta zauna ba ta dube shi ba, ta ɗauki ɗaya wuƙar. Ta gwada dunƙule ganyen da dama, ta ga to da me za ta yanka. Ta mayar da shi hagu. Suka gama aikin, dambu ya fita zaure a kan lokaci, yankan rabi siriri rabi kamar an tauna.

Washegari da hantsi ta saka mayafinta na unguwa ta ce, "Auta, samo mana adaidaita."

Mutanen Ƙofar Kabuga ba su zaci ganinta ba. Aka shimfiɗa mata darduma, aka gaisa a ɗan ɗaure. Aka kira Sa'ida ta zo ta durƙusa nesa kaɗan, kai a ƙasa. Hajiya ta daɗe tana murza carbi, don mace ce da ba ta saba ba da haƙuri ba. Ta ce wa Sa'ida ta matso. Ta kama hannun hagun ta juya shi, ta ga inda aka cire zaren ɗinki, tabon ja ne har yanzu.

"Ni na sa kika yi wannan," in ji ta. "Shekara hamsin ina matse ganye da hagu ina ba mutane, ban taɓa dubawa ba, na zo na kore ki a kan abin da kika fi ni tsafta a ciki. An faɗa min ko a gidanku ba ki zage ni ba. Ki yafe min, 'yata."

Sa'ida ta kifa kai a cinyarta ta fashe da kuka, Ummanta ma ta juya tana share ido. Hajiya ta ce saura abu ɗaya. Ta yi rantsuwa da sunan Allah, kuma za ta karya ta, don haka kaffara ta hau kanta, mutum goma za ta ciyar. Ta ce ba ta da mai yanka mata ganyen, ko za a ara mata 'yarta?

Abdulhakeem dai bai samu tasa yafiyar da arha haka ba. A hanya ko kallonsa Sa'ida ba ta yi ba. Sai da ya tsaya a tsakar gida, gaban Hajiya da Yaya Luba da aka kira musamman, ya maimaita duk abin da ya faɗa jiya, sannan ta ce ta haƙura. Luba ta taɓe baki ta fara cewa ita dai har yanzu, Hajiya ta ce ta rufe mata baki ko ta koma Mazugal.

Ranar Lahadi aka shimfiɗa tabarma. Sa'ida ta zauna a tsakiyar gida, rana tana haska ta, ta ɗauki wuƙa da hagu ta dunƙule rama a dama. Albasa da attaruhu aka ba ɗan robar mai igiya, kuma Hajiya ce ta karɓe shi da kanta, tana ja sau uku ta buɗe ta leƙa, tana cewa ashe abin da hankalinsa. Babban baƙin yana can saman kabad cikin kwalinsa, sai ranar da aka kawo wuta a sauko da shi a markaɗa tumatir.

'Yan'uwa matasa, abin da ke cikin labarin nan a fili yake. Kayan aiki ana zaɓensa ne da shawarar mai aikin da kuma halin gidan da za a kai shi, ba don idon mutane ba. Namijin da ya san gaskiyar matarsa ya yi shiru don tsoro ya cuce ta, ya kuma cuci mahaifiyar da ya bari cikin kuskure, alhali ana iya faɗa wa iyaye gaskiya a durƙushe. Ita kuwa Sa'ida, da ta mayar wa Hajiya baƙar magana ko sau ɗaya, da babu ƙafar da za ta taka zuwa Ƙofar Kabuga bikonta.

Da aka sauke madambaci, Sa'ida ta fara jera kwanuka goma. Hajiya ta ce ta dakata, ta miƙo nata kwanon.

"Fara zuba min. Kwana goma sha shida rabona da girkinki."

Ta yi bismilla ta kai loma. Ta tauna a hankali, ta haɗiye, ta sake kai hannu.